Sawun Zabuwa

A unguwarmu a Gumel, kakata ta wajen uba ce kaɗai mai buga zanen gado. Takan shimfiɗa farin gwado a kan tabarma, ta ɗauko sakainar da ta sassaƙa wa ado, ta tsoma a baƙin ruwan da ta haɗa da bagaruwa da tsatsar ƙarfe, ta danna, ta ɗaga, ta matsa gaba. Hatimai take kiran sakainun nan, a cikin wani tsohon adudu take adana su. Akwai mai tauraro, akwai mai ganyen kuka, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai sawun zabuwa. Duk ranar kasuwar Maigatari, matan tsallaken iyaka shi suke fara tambaya.

Tun ban iya ɗaura zane ba na san adudun nan nawa ne. Wa zai ja da ni? Ni ce jikar da ke kwana a ɗakinta, ni ke tsinto mata bagaruwa.

Sai aka shiga shekarun farin nan, gero ya ƙi a Ɗanzomo, goggona ta aiko da 'yarta ta zauna wajenmu. Sa'ata ce, taubashiyata kuma, doguwa mai shiru-shiru kamar ba ta san komai ba. Irin waɗannan su ne abin tsoro. Ba ta daɗe da zuwa ba na dawo daga makaranta na tarar da ita durƙushe gefen Kaka, hannunta dumu-dumu a cikin baƙin ruwa.

A nan ta fi ni, kuma ba laifina ba ne. Ni 'yar boko ce, kullum da safe sai malama ta duba hannuwanmu, baƙin Kaka kuwa in ya kama fata sai ya ga dama yake fita. Na sha bulala har na gaji, don haka na koma naɗe hannuna da tsumma kafin in riƙe hatimi. Aikina sai ya riƙa fitowa wani wuri dishi-dishi, wani wuri ya malale.

"Jikalle, ba da ƙarfi ake bugu ba," in ji Kaka. "Tafin hannu ne ke jin gwado ya ƙoshi. Ke kin rufe wa naki kunne."

"To Kaka, malama fa?"

"To, sai malamar ta buga miki zanen gado."

Taubashiyata ta sunkuyar da kai wai ba dariya take ba. Wallahi ranar da za a tsaga zuciyata, da an samu ruwan bugun gwado goma. Na riƙa kiranta mai hannun gawayi, ina cewa ba mai cin tuwonta. Ita kuwa sai ta ɗaga hannuwan ta juya mini su a fuska, ta ce, "Uwar ɗakina, a kawo miki ruwa ki wanke naki?" Wasan taubasai ne, ba dama in yi fushi a gaban mutane. A bayan ɗaki nake zuwa in yi abina.

Abin da ya fi ci mini rai, ta iya. Da ba ta iya ba, da na yafe mata. Layinta yakan tafi sambal kamar an ja da zare, sawun zabuwarta kuwa sai ka rantse yanzu tsuntsuwar ta wuce. Mata suka fara cewa a ba su "na yarinyar nan", kuma ba ni suke nufi ba.

Lokacin da aurena ya zo idon Kaka ya riga ya yi rauni, ta daina bugu. Atamfa da zannuwan kanti sun cika kasuwa, amma ta ce jikarta ba za ta kwanta a kan aikin inji ba. Ni kuwa na sa rai cewa adudun zai bi ni cikin kayan ɗaki. Ranar da aka kwance mini lalle, hannuna ya yi jawur gwanin sha'awa, Kaka ta sa aka kira mu mu biyu, ni da taubashiyata. Ta laluba ta kama hannuna, ta kai hancinta.

"Masha Allah, hannun amarya. Ki riƙe shi haka, ya dace da ke."

Ta kama na taubashiyata, shi ma ta sansana, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta jawo adudun daga ƙarƙashin gado ta tura gabanta. Ni kuma ta miƙo mini zane a ninke. Na buɗe: sawun zabuwa ne daga wannan baki zuwa wancan, ba inda layi ya karkace. Ban tambayi wanda ya buga ba, na san hannun. Kukan da na yi ranar kowa ya ɗauka na rabuwa da gida ne.

Taubashiyata tana Ɗanzomo har yanzu, ta koya wa 'ya'yanta da jikokinta, an ce ba don ita ba da sana'ar ta bi Kaka kabari. Na yarda, Allah ya saka mata. Zanen ma yana nan, baƙin ya koma ruwan ƙasa amma bai yage ba, duk sallah nakan shimfiɗa shi. Baƙi sukan shafa su tambaye ni wa ya buga wannan.

Sai in ce kakata.