Muryata a Layin Mahauta

Ni ce 'yar fari a gidanmu na unguwar Borokiri, can Kudu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Yarinyar nan" yake cewa, har na girma na fara aiki. Mahauci ne a kasuwar Mile One, kuma shi ne dattijon layinsu. Shi ke raba rigima, shi ake fara gaisarwa da safe.

Aikina haɗa darussa ne a kwamfuta, irin waɗanda mutum zai buɗe a wayarsa ya saurara, a ƙarshe ya amsa tambayoyi. Wata shekara kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangilar darasin tsaftar nama da Hausa, domin mahautan kasuwa. Wanda ya ci jarrabawar za a ba shi takardar shaida ya rataye a rumfarsa. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ofishin, sai aka ɗora min komai, har da ɗaukar murya.

Manhajar da muke aiki da ita tana zuwa da nata kalaman: ka ci, ka faɗi, shi ke nan. Na goge su duka. A hannun mutanen nan na girma, na san ba a ce wa dattijo ya yi kuskure gatsau. Na ɗauki muryata ina cewa, "Sannu da ƙoƙari. Wannan ba daidai ba ne tukuna, amma an kusa. A koma baya a sake dubawa." Na sa maɓallin komawa baya a kowane shafi. Na kuma tsara cewa idan mutum ya taɓa hoto, ba za a ɗauka ya amsa ba sai an tambaye shi, "Wannan ka zaɓa?" Dalilina Baba ne. Idan yana koyarwa, abin da ba a so yake fara nunawa da yatsa, ya ce wannan aikin banza ne, sannan ya nuna mai kyau. Dattawan layin duk haka suke.

Shugaban aikin ya saurara yana duba agogo. Ya ce, "Madam, e too long," wai surutun ya yi yawa, wai jarrabawa ce ba gaisuwar suna ba. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya gyaɗa kai, na ɗauka ya ji. Ashe bayan na miƙa aikin ya ba wani ya datse. Aka cire maɓallin komawa, aka cire tambayar tabbatarwa, aka yanke maganata gaba da baya. Ba wanda ya ga ya dace a gaya min.

Ranar da aka kai darasin kasuwa na hau keke mai ƙafa uku na je da murnata. Na tarar Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tara layin kaf a gaban rumfarsa, har da masu doya da masu albasa, yana riƙe da wayarsa. Mutumin da bai taɓa yabona a gaban kowa ba, ranar cewa ya yi, "Ku matso ku ji. Yarinyar nan ce a ciki."

Tambayar farko hotuna biyu ne, nama a buɗe ƙudaje na bi, da nama a rufe. Baba ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani, ya ɗora yatsa a kan na ƙudajen ya ce, "Kun ga wannan, aikin banza..."

Wayar ta yi ja. Muryata ta fito tar, da ƙarfi: "Ba daidai ba ne."

Baba ya nemi yadda zai koma, babu hanya, shafi ya riga ya wuce. Na fara kutsawa cikin mutane ina cewa, "Baba, kada a taɓa, bari in zo." Kafin in isa ya sake nuna mummunan hoton tambaya ta gaba, domin haka hannunsa ya saba tun kafin a haife ni. Na sake jin kaina ina gaya wa mahaifina, a gaban yaransa da abokan cinikinsa, cewa ba daidai ba ne. Wani daga baya ya yi dariya ya maida ita tari. Baba ya kife wayar a kan teburin yanka, ya ɗauki wuƙarsa ya shiga wasawa.

Washegari na yi faɗa a ofis har da hawaye. Aka ce an riga an raba, ba za a sake aiki saboda mutum ɗaya ba. Har yau idan na tuna fuskar shugaban nan zuciyata tafasa take, ban kuma yafe ba.

A gida na durƙusa na yi wa Baba bayanin yadda aka yanke maganar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na sani. Tashi." Bai sake taɓa jarrabawar ba, rumfarsa ce kaɗai babu takarda a layin. Matasan kasuwa kuwa sun samu abin wasa, da an yi musu a kan ciniki sai wani ya siranta murya ya ce ba daidai ba ne.

Yanzu ina aure a Inugu. Idan na je gida muna hira da Baba lafiya lau, har ya sa a gasa min tsire. Amma duk ranar da na kira shi a waya, da na yi sallama sai in ji ya ce, "Ga yarinyar nan," ya miƙa wa Inna.