Tsohuwa Mele a Ƙofar Asibiti

Shekara goma sha tara Noel Harnett ya yi yana huda dutse a wata mahaƙar tama a yankin Pilbara mai jar ƙasa, kuma duk wanda ya yi aiki da shi zai gaya maka abu biyu: ba ya kuskure a kan inji, ba ya kuma iya zaɓe. Mutum ne da zai tashi daga aikin dare ya tsaya gaban tiren abinci yana kallon gasasshen rago da soyayyen kifi, har na bayansa su fara buga cokali a faranti. Haka ya yi wa Dianne, wadda ta jira shi shekara bakwai a garin Geraldton yana cewa bari a gama wannan zuwa aikin tukuna, har ta gaji ta auri wani mai jirgin kamun kifi. Ni dai ban ga laifinta ba.

Abin da ya fi jan ƙafa a kai shi ne wata wasiƙa daga asibitin sansanin da ma'aikatan mahaƙar ke kwana, ta a je a ɗauki hoton ƙirji. Tari ya kama shi, busasshe, irin mai tada mutum daga barci. Noel ya san abin da jar ƙura ke yi wa huhu. Ya kuma san idan hoton ya nuna wani abu, an sauke shi daga inji ke nan, kuma ɗan shekara hamsin da huɗu wanda bai iya komai ba sai huda dutse, ina zai nufa? Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Ya ninke wasiƙar gida huɗu ya cusa a aljihun jaka, ta yi wata goma sha ɗaya a ciki.

Ɗaki na goma sha huɗu nasa ne na sati biyu, na wani ne na sati biyun da yake hutu a gida. Jirgin da ke sauke ayarin Noel shi ke kwashe ayarin da suka bar musu gadaje, sai dai a gifta juna a filin jirgi cikin mutum ɗari biyu masu riga iri ɗaya. Abokin ɗakin nasa Lisiate Fonua ne, mutumin tsibirin Tonga, shi ma mai huda dutse. Noel bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya dai san mutumin ya fi shi nauyi, don katifar ta lotsa ta gefen bango, shi kuwa a bakin gado yake kwana.

Wata rana ya iso ya tarar da na'urar wasan gem a ƙarƙashin talabijin, da littafin rubutu a kanta. A shafin farko an rubuta: "Toko, buga idan kana so. Amma kada ka goge mini tsohuwa." Toko shi ne yadda mutanensu ke kiran ɗan'uwa. Tsohuwar kuwa ita ce wadda ake tuƙawa a wasan, mace mai furfura da Lisiate ya raɗa wa sunan mahaifiyarsa, Mele, tana yawo tsakanin taurari a wani ƙaramin kumbo mai kujera biyu.

Ƙungiyoyi uku ne a wasan, kowace na neman Mele ta yi mata aiki: masu tsaro, 'yan kasuwa, da 'yan fashin sama. Lisiate ya cika shafi biyu yana tsara yadda za a bi su. A fara da masu tsaro, don su ke ba da bindiga da sulke kyauta. Sai 'yan kasuwa. 'Yan fashi a bar su ƙarshe, domin ranar da aka gan ka da su, ranar kowace tasha za ta rufe maka ƙofa. Duk matakin da Mele ta hau kuma ana ba ta maki ɗaya, a zuba shi a kan gwanintar da ake so. Shi a ganinsa tuƙi ne farko, sai ɗaukar kaya, sai iya magana. Harbi ya jira, tunda mai baki ba ya yawan zare bindiga.

Noel ya karanta duka, ya yarda da duka, bai yi ko ɗaya ba. Ya sauke kumbon a kan wani wata marar kowa can cikin taurari ya yi sati biyu yana sarar duwatsu. Maki shida ya tara bai taɓa ko guda ba, wai kada ya zuba inda zai yi da-na-sani. Da ya dawo zuwa na gaba sai ya ga amsa: "Toko, awa goma sha biyu kana huda dutse, ka dawo ɗaki ka tafi sama ka huda dutse? Wa ya yi maka wannan? Kuma maki ba ƙwai ba ne da za ka kwanta a kai."

A nan suka kafa dokarsu. Wanda ya samo maki ba shi zai zuba ba, sai ya bar wa ɗaya. Lisiate ya ƙara da gargaɗi cewa duk makin da ya bari ya dawo ya tarar da shi, a kan girki zai zuba shi, tsohuwa ta zama mai tuwo-tuwo a taurari. Dole Noel ya koyi zaɓe, yana gunaguni. Shekara ɗaya da rabi suka yi a haka. Suka gama da masu tsaro, suka kai rabin aikin 'yan kasuwa, suna faɗa a takarda kamar tsofaffin ma'aurata. Lisiate kan bar masa gwangwanin nama a firji, shi kuma ya bar kwalbar zuma daga wajen ƙanwarsa. Noel ba zai faɗa da bakinsa ba, amma ba shi da aboki kamar wannan mutumin da bai san kamanninsa ba.

Sau ɗaya Lisiate ya ajiye maganar wasa gefe. A ƙasan wani shafi ya rubuta cewa ya ga kwalaben maganin tari a bayan madubi, nasa ma sun kai haka, ko ba za su je a duba su ba? Noel ya amsa duk sauran abin da ke shafin, ya tsallake wannan layin.

Mai aikin dare da rana yake rayuwa, kuma ba lokacin da sansanin ya fi zama kamar kufai irin rana tsaka. Kowace ƙofa da allon a yi shiru, kowace taga an liƙe ta da kwali, ba ka jin komai sai gurnanin iyakwandishan. A irin wannan lokacin ne, farkon wani zuwa, tari ya tada Noel, ya kunna wasan. A zuwan baya, a cikin kumbo a bakin kasuwa ya bar Mele. Ya same ta a babbar tasha, tsaye gaban ƙofar asibiti, fuskarta na kallon ƙofar. Makin da ya bari an zuba shi a kan ƙarfin numfashi, gwanintar da su biyun suka taɓa yi wa dariya, don ba ta da amfani sai gudu. Ba a bar masa maki ba, ba a rubuta komai ba, firji kuma ba gwangwani.

Ya ji haushi. Ya rubuta cewa asarar maki ce wannan, ya janye tsohuwar ya ci gaba da aikin 'yan kasuwa, ya bar maki biyu ya tafi gida.

Zuwa na biyu, Mele na ƙofar asibiti, maki biyun a kan numfashi. Zuwa na uku ma haka. Noel ya ɗauki biro ya zazzaga masa: mai ci ba ya dafawa, idan ya gaji da wasan ya fito fili ya faɗa, ba wai ya riƙa kai uwarsa asibiti yana barin ta a tsaye ba.

Washegari da hantsi ya ci karo da Marites, mai gyaran ɗakuna, tana tura keken zannuwa. Ya ce ta taimaka ta gaya wa wancan ƙaton na ɗaya ayarin cewa littafi na jiran amsa. Matar ta saki keken ta dube shi.

"Kuya Noel, wane ƙato?" Kuya shi ne yaya a yarensu.

"Lisiate mana. Ko ya canja ɗaki ne bai faɗa ba?"

"Kai ba ka duba allon ɗakin cin abinci? Hotonsa na nan, da furanni. Sati goma sha ɗaya ke nan."

Ya sha ganin hoton. Kullum yana wuce shi da faranti a hannu: wani mai faɗin fuska da wushirya, yana dariya. Bai taɓa tsayawa ya karanta sunan ba, don ba fuskar da ya sani ba ce. Marites ta ce a wani asibiti a birnin Perth ya rasu, huhu ne, kuma likitoci sun ce da ya zo da wuri da wata maganar ake yi. Noel ya tambaya wa aka sa a ɗakin tun daga lokacin. Ta ce ba kowa. Idan ya tafi a kulle ɗakin yake, ita kaɗai ke shiga ranar da zai dawo, kuma ba ta taɓa kayan mutane.

Ta rage murya. "Ni na ɗauka kai kake mantawa da shi a kunne. Idan na wuce da tsakar rana ina jin kiɗan nan a ciki. Sai in yi alamar gicciye in ƙara sauri."

Bai yi barci ba ranar. Ya zauna a bakin gado, nesa da lotsawar katifar, ya karanta zagin da ya rubuta wa mamaci. Da ya kunna wasan ya duba ranar da aka yi ajiyar wasan da ta gabaci tasa: Talatar makon jiya, sha biyu da minti goma na rana, lokacin shi yana Geraldton yana yanke ciyawar gidan ƙanwarsa. Amma taurin kai bai bar shi ba. Ya juya Mele daga tashar, ya shigar da ita kumbo, ya saita hanya zuwa maɓoyar 'yan fashi, abin da suka ce sai ƙarshe. Nan tari ya sarƙe shi. Ya ajiye rimot a kan filo ya shiga banɗaki, ya daɗe a duƙe, kuma abin da ya tofar ba fari ba ne.

Da ya fito, kiɗan ya canja zuwa na babbar tasha. Rimot na kan filo inda ya bar shi. Mele na tsaye a ƙofar asibiti. A kusurwar talabijin alamar maki ɗaya na ƙyaftawa, alhali ba a hau wani mataki ba.

Ya ɗauki rimot ya tura ta gaba taku ɗaya, ƙofar ta buɗe. Likitan wasan ya ɗago kai ya faɗi abin da yake faɗa wa kowa, cewa an daɗe ba a gan ta ba, me ke damunta. Noel ya ji wannan maganar sau da yawa a baya, bai taɓa jin ta kamar ranar ba. Bai taɓa makin ba. Ya yage shafin zagin, ya rubuta a sabon shafi: "Na ji, toko. Na tafi. Makin naka ne." Ya zaro wasiƙar daga aljihun jaka, ta yi laushi kamar tsumma, ya sa takalmi ya taka cikin zafin rana zuwa asibitin sansanin. Nas ɗin ta duba kwanan watan da ke jiki, ta dube shi, ta ce ya zauna.

Abin da yake tsoro shi ya faru: aka sauke shi daga inji. An sami tabo a huhun dama da wani ƙaramin ƙari, aka yanke a Perth, likitan ya ce saura ƙiris. Yanzu yana wani shagon kayan gini a Geraldton, yana tsaya wa masu saye a kan su zaɓi fenti su daina ɓata masa lokaci, abin da ke ba duk wanda ya san shi a da dariya. Duk wata shida yana zuwa hoto, ranar da aka ce, ba ya ƙara ko kwana.

Sau ɗaya ya koma sansanin, bayan wata uku, don kwashe kayansa. Da rana ya isa, layin ɗakunan tsit. Ɗakin na nan a kulle yadda ya bar shi, littafin a kan na'urar, ba sabon rubutu. Ya ce ba zai kunna ba, ya kunna.

Mele ba ta ƙofar asibiti. Tana cikin kumbo, injin na aiki, taurari cike da gilashin gaba. Makin na nan ba a taɓa shi ba. Sai dai ba a kujerar matuƙi take ba, inda wasan ke zaunar da ita kullum. Tana kujerar gefe, ta juyo da fuska tana kallon wadda ba kowa.

Noel ya zaro kwalbar zuma daga jaka ya sa a firji. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, hannunsa a kan tabon ɗinkin da ke ƙirjinsa.

"Ba yanzu ba, toko," in ji shi. "Kai ka ce in je. Sai ka yi haƙuri ka jira."

Ya kashe talabijin, ya bar na'urar da littafin a inda suke, ya ja ƙofa. Ya kai ƙarshen layin, wajen keken Marites, sannan kiɗan ya tashi a bayansa. Matar ta yi alamar gicciye. Shi bai waiwaya ba, ya gyara jakarsa a kafaɗa ya nufi motar filin jirgi.