Kankanar Mai Fadama

Shekarun baya, abokina na ƙuruciya ya je gaban 'yan sintirin garinmu ya rantse cewa ni nake kai wa yaran daji, wato 'yan ta'adda, abinci. Duk wanda ya zauna a Borno a lokacin ya san nauyin wannan magana. An rasa mutane a kan abin da bai kai ta ba. Ni kuma laifina kankana ce.

Lokacin muna zaune a Konduga, ina da gona a bakin fadama, ta gado. Gonar abokin nawa tana sama da tawa, inda ruwa ke wahalar kaiwa. Noma a shekarun nan ba yadda kuka sani ba ne. Da safe a tara mu, 'yan sintiri da maharba su raka mu, kafin la'asar kowa ya tattara ya dawo. Wanda ya matsa kusa da daji shi kaɗai, sai ya yi bayani.

To, a gidanmu akwai abin da muka tashi muka tarar. Idan kankana ta fara nuna, ta farko ba a ci, ba a sayarwa. Sai a ɗauki 'yan manya a kai gindin wata bishiyar giyayya da ke bakin ciyawar kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, a ajiye, a juyo ba waiwaye. Mahaifiyata tana cewa rabon mai fadama ne. Wai wani abu ne mai gashi kamar biri, amma da ƙafa biyu yake tafiya, kuma ya riga kakanninmu zama a wurin. Na taɓa ce mata, “Ya,” haka muke kiran uwa da Barbarci, “wannan ba tsafi ba ne kuwa?” Ta ce, “Tsafin me? Maƙwabci ne mai ciki. Ka ba shi nasa ya bar maka naka. Ka hana shi, ya shigo ya zaɓa da kansa.”

Ni firamare ma ban gama ba, amma ban taɓa yarda da maganar ba. Ina kaiwa ne don kada tsohuwa ta hana ni barci da mita. Ko a shekarar da ta rikice ban fasa ba, kuma wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba yadda abin zai kasance a idon wani: mutum ya ɗauki abinci, ya nufi bakin daji, ya dawo hannu wofi. Dabara dai ba ta dame ni ba, na yarda.

Abokina ya sani sarai. Muna yara tare muke ɗaukar kankanar nan, har ya kan ce mu ɓoye ɗaya mu sha. Amma ranar da aka zaunar da ni a rana, hannuwana ɗaure ta baya, aka kira shi, sai ya dubi ƙasa ya ce bai taɓa jin wannan al'ada ba.

Wani matashi cikin 'yan sintirin ya ce, “Baba, faɗi gaskiya, wa kake kai wa?”

Na ce, “Mai fadama.”

Ya ce, “Sunan kwamandan nasu ke nan?”

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga motar da za a saka ni a ciki, kuma na san mutanen da suka shige ta ba mu sake ganinsu ba.

Mahaifiyata ce ta zo da sandarta, ta zauna a ƙasa gaban Bulama, mai garin namu, ta dinga zuba Barbarci ba numfashi, tana bayanin rabon mai fadama. Cikin maharban akwai wani tsoho mai ido ɗaya, ya saurare ta har ta gama. Ya ce shi ma mahaifinsa yana ajiye kifi a irin wannan wuri. Ya ce, “Kafin ku miƙa shi, mu je mu ga mai cin kankanar. In mutum ne, ni zan ɗora shi a motar da hannuna.”

Washegari da hantsi aka kwance ni, na ɗauki kankana na kai gindin giyayya. Ni da maharba da 'yan sintiri muka koma bayan wani suri muka kwanta rub da ciki. Ban taɓa roƙon Allah ya nuna mini dodo ba sai ranar. Tsorona ɗaya, kada a ce duk shekarun nan wani ɓarawon makiyayi ne yake shanye mana kankana, yau kuma ya fito da rigarsa da hularsa ya ja mini.

Rana ta yi zafi, ƙudaje suka dame mu, matashin nan ya fara tsaki. Sai tsuntsaye suka yi tsit. Wani wari ya buso, kamar jiƙaƙƙen buhu da ya kwana a turken awaki. Kacalla ta dare biyu.

Zan faɗi abin da idona ya gani, ba ƙari. Kafaɗu na gani, masu faɗi, da baƙin gashi da laka ta bushe a kai. Hannu ya miƙo, dogo, ya wuce inda hannun mutum ke tsayawa, ya ɗauki kankana kamar yadda za ka ɗauki lemo. Ya ɗago kai ya dubi surin da muke bayansa. Ni ya duba, ko a gaban alƙali haka zan ce. Sannan ciyawa ta rufe. Babu wanda ya harba. Matashin mai tsaki ya cusa fuska a ƙasa yana salati, ni kuma wandona, to, a bar maganar.

Da muka matsa, ga ɓawon wadda na kai a baya, ba yankan wuƙa, matse ta aka yi ta fashe. Ga sawu a laka, babu takalmi, babban yatsan ya karkace gefe. Nan take gardama ta tashi. Wani ya ce gwaggon biri ne da ya tsufa. Wani ya ce mahaukaci ne ya yafa bargo. Tsohon maharbin ya tofar da goro ya ce, “Ku kira shi abin da kuka ga dama. Yaran da kuke nema dai ba sa jiran a ba su rabo, gonar gaba ɗaya suke kwashewa. Ku sallami bawan Allah.”

An sallame ni, amma zargi irin wannan ba ya fita da wanki ɗaya. In na zo majalisa sai hira ta mutu. Kafin damina na ɗauko mahaifiyata muka dawo Maiduguri, muka kama ɗaki a Fezzan. Gonar kuwa, wanda kuke zato shi ya karɓe ta aro daga hannun danginmu.

Na fara da tura baro, yanzu ina da rumfata ta kayan marmari a bakin titi. Alhamdu lillahi, ina ci, ina barci, yarana suna makaranta, tsohuwa ta rasu a kan katifarta ina riƙe da hannunta. Mutane suna tambayata ko na yarda akwai mai fadama. Ban san mene ne ba, kuma na daina wahalar da kaina. Abin da na sani, ranar da mutanen da suka san ni tun ina tsirara suka yi shiru, shi ya fito da rana tsaka ya wanke ni. Nakan tuna shi in ji daɗi a raina, kamar wani ɗan'uwa da ke nesa.

Bara, ana gab da azumi, abokin nawa ya zo rumfata. Ya rame, gemu ya yi fari. Ya gaishe ni da Barbarci, ya ce, “Wushe, ɗan'uwa.” Na ce wushe. Ya tsuguna ya ce lokaci ne na neman gafara, tsoro ne ya sa shi, shaiɗan ne, in yafe masa.

Na ba shi benci, na yanka masa kankana mai sanyi, na jira ya shanye. Sannan na ce, “Na yafe maka, don ba zan ɗauki kayanka in shiga azumi da shi ba. Amma ka bar shaiɗan ya huta, ruwan gonata ka gani. Kuma kada ka sake ce mini ɗan'uwa. Ka zo a matsayin mai saye, in auna maka da kyau, in yi maka ragi. Tashi, kana tare mini masu ciniki.”