Cittar Mama a Rumfar Sajan

Har yau in na ji ana gardama a rediyo kan kuɗin da filayen jirgin sama ke karɓa, wai hukuma za ta ƙayyade musu, sai in tashi in kama zirga-zirga a ɗaki. Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Amma na san abin da mai fili ɗaya tilo yake iya yi wa mutane, a Kafanchan na koya.

Shekarun da naira ta shigo ne, ina ƙaramin malamin firamare, ga farin wando ga biro biyu a aljihu, ga ɗaukar kai. Duk mai busasshiyar citta daga ƙauyukanmu, in yana son manyan motoci su kwashe masa, dole ya sauke ta a filin wani tsohon soja kusa da tashar jirgin ƙasa. Sajan muke ce masa. Da kuɗin sallamarsa ya kewaye wurin, ya kafa rumfar kwano. Wani filin babu, don haka kuɗin ƙasa abin da bakinsa ya faɗa ne. Yau kwabo goma kan buhu, gobe in ya ga motoci sun yi layi ya ninka.

Abin ya hana ni sukuni. Na rubuta takardar koke da Turanci, na bi coci-coci har Manchok ina tara sa hannun mutane, na yi ta sintiri a ofishin hukumar gari har masinja ya daina amsa gaisuwata. Ƙarshe dai aka zo aka kafa allo a ƙofar filin, an rubuta kwabo goma kan kowane buhu, ba ƙari. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Sati biyu bayan haka mahaifiyata ta iso da buhu shida, noman shekararta kaf. Ita ta haƙa, ita ta tsaga da wuƙa, ita ta shanya a kan dutse. Ran Asabar ce, mota kuma sai Litinin. Na miƙa wa Sajan abin da allo ya ce. Ya karɓa ba musu, ya nuna mana tsakiyar fili.

"A rumfa za mu sa," na ce.

"Ticha, karanta allonka da kyau. Kuɗin ƙasa ya ce. Ga ƙasa nan. Kwano kuɗinsa daban."

Na ce ko kwabo ba zan ƙara ba, Litinin da sassafe zan kai ƙararsa. Mama ta ɗaga kai ta dubi gabas. Farkon damina ne, an riga an yi yayyafi sau biyu, kuma citta in ta jiƙe ta yi fumfuna ba mai saya. Ta ce a hankali, "Ka bar shi, mu biya." Na ce in uwar mai takardar koke ta biya, wa zai ƙi? Ta juya ta kama hanyar gida. Na ɗauka ta yarda.

Lahadi muna coci hadari ya taso. Mama ba ta ɗaukar kaya ran Lahadi, ko da wuta ce ta kama, haka aka koya musu tun zamanin mishan. Tana can gaba cikin 'yan zumuntar mata tana waƙa, ni kuwa benci ya ƙi zaunuwa. In leƙa taga, in dubi fasto, wa'azi ya ƙi ƙarewa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san taurin kaina ne zai cinye mata shekara guda. Da na ji ɗigon farko a kan kwanon coci, na fice ana tsakiyar addu'a.

Da gudu na isa, farin wandon ya zama ja. Tsakiyar fili wayam, sai ruwa ke gudu. Na tsaya ina haki.

"Ticha, shigo kar ka jiƙe," in ji Sajan daga rumfa. Yana zaune a kan buhu, kuma na gane ɗinkin bakin buhun, na Mama ne. Duk shidan suna nan a bushe. "Mama ya dawo jiya da yamma, ya biya. Ya ce kar a gaya wa Ticha, zai ji kunya."

Na ji kunyar kuwa, har da haushi, ban ma san wa nake jin haushi ba. Sai da ruwa ya tsagaita na koma gida. Na tarar da ita tana hura wuta, na tambaye ta don me ta yi mini haka bayan duk wahalar da na sha.

Ba ta ɗago ba. "Takardanka yana da kyau, ɗana. Amma ruwa bai je makaranta ba." Ta turo mini kujera kusa da murhu. "Cire wandon nan in jiƙa, gobe kana da aji."

Litinin ban je ofishin ba. Kafin in tafi aji, ni na taya yaran mota loda buhunan, Sajan yana tsaye yana ba da umarni.