Ranar da Danuta Ta Gyara Fanka

Shekara ashirin da bakwai Danuta Sobczak ta yi tana bakanike a wata masana'antar buga ƙofofin mota a Detroit. Da kunne take aikinta. Ta kan dafa inji da tafin hannu, ta karkatar da kai, ta ce gobe kafin azahar wannan zai tsaya, kuma ya tsaya ɗin. Ba ta yi aure ba, ba ta da yawan fara'a, waƙoƙin rediyo kuwa ciwon kai suke sa ta. Wata rana ta shiga shagon kaset neman batir, ta ji an saka wani abu mai kama da ƙugin tukunyar tururi haɗe da jan sarƙa a kan siminti. Ta tsaya cak. Ta tambayi mai shagon ko rikodarsa ce ta lalace, ya ce a'a, kiɗa ne, mutane ke yin sa da gangan. Daga ranar ta kamu.

Masu son irin wannan kiɗan ba su da yawa, kuma kowannensu gani yake shi kaɗai ke da kunne a garin. Duk Lahadi ƙarfe uku na rana suke taruwa a ɗakin ƙasa na wata tsohuwar maɗaba'a. Dokarsu ɗaya ce: idan an fara abu, kowa ya rufe ido, ba magana, ba tafi, ba mai tashi, ba mai kashewa sai ya kai ƙarshe. Mun sha zama awa guda muna jin ɗigar ruwa a bokiti saboda wannan doka.

Babbansu shi ne Royce Vandermolen, dogo mai baƙaƙen kaya, wanda bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa. Abin da ya ɗaga shi fanka ce, wata tsohuwar fankar zuƙe iska da ke bangon ɗakin. In an kunna ta sai ta fara nishi, ta koma gurnani, can ta saki wani siririn kuka. Royce ya kan manna mata ƙaramin makirfo, ya bi da kukan ta cikin akwatunansa masu wayoyi, ya ja shi, ya lanƙwasa shi har minti arba'in. Abin yana da daɗi, ba za a tauye masa haƙƙi ba. Ita kanta Danuta tsigar jikinta tashi take yi, ko da yake tun ranar farko ta san boris ne ya bushe.

Da aka rufe masana'antarsu, Danuta ta shiga da rikoda a ranar ƙarshe, ta ɗauki muryar babban injin da ta yi wa hidima tun tana budurwa. Bayan wata biyu aka yanka shi aka sayar wa 'yan gwangwan. Ta daɗe tana ɓoye kaset ɗin kafin ta yi ta maza ta kawo shi ranar Lahadi. Aka saka, aka rufe ido. Minti uku da farawa sai ji aka yi ƙas, Royce ya danna ya kashe.

"Haba Iya," ya ce yana murmushi, "wannan ai ba kiɗa ba ne, rahoton aiki ne. Ki kai wa manajanku. Kunnen bakanike daban, kunnen mai sauraro daban."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, kuma babu wanda ya tuna masa doka. Danuta ta zare kaset ɗinta ta sa a jaka, ta koma kujerarta ta zauna. Lahadi mai zuwa ma ta zo, har da kwanon pierogi, wato ƙullin fulawa mai cike da dankali, ta raba wa mutane, ta miƙa wa Royce biyu. Wanda bai san ta ba zai ce ta manta. Ƙullace shi ta yi, kuma abin da take so ɗaya ne: ya ɗanɗani irin abin da ta ɗanɗana, a ɗakin nan, a gaban waɗannan mutanen.

Wata goma sha huɗu ta jira. Sai labari ya zo cewa wata mata mai kamfanin fayafayi za ta taso tun daga Montreal don ta ji Royce da fankarsa, in abin ya yi mata ta buga shi. Royce ya cika unguwa da takardun sanarwa, ya ari kujeru daga coci.

Ranar Asabar da hantsi Danuta ta buga ƙofar Madam Odessa, tsohuwar da ke da ginin, mai zama a bene na sama.

"Mama, na zo in duba miki fankar nan ta ƙasa. Kyauta."

"Ke 'yar nan, Allah ya yi miki albarka! Shekara nawa tana hana ni barcin rana, na yi magana har na gaji, wai fasaha ce. Ungo makulli."

Awa biyu ta yi a kan tsani. Ta kwance murfin, ta cire tsohon boris, ta sa sabo, ta cika shi da giris, ta daidaita fukafukan, ta ɗaure kowane noti. Ba ta taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Da ta kunna, sai iska kawai ke wucewa. Ta mayar da murfin, har ƙurar da ke kansa ta bar masa.

Ta san Royce ba zai gwada ba. Kullum faɗi yake ba a tashin fankar kafin lokaci, wai kukanta na farko, tana da sanyi, shi ne zuciyar kiɗan.

Lahadi ɗaki ya cika. Baƙuwar ta zauna a gaba da littafinta a cinya. Royce ya ɗaga hannu, kowa ya rufe ido, ya kunna fanka. Shiru. Ya ƙara murya, lasifika ta yi ɗan huci kamar mai barci. Ya murɗa wannan, ya zare waccan waya ya mayar, ya leƙa makirfo. Zufa ta karyo masa. Mutanenmu kuwa, Allah sarki, suna zaune ido rufe suna gyaɗa kai, sun ɗauka sabon salo ne. Doka ta hana kowa magana, shi ma ta hana shi. Danuta kaɗai ce idonta a buɗe cikin masu sauraro, ta harɗe hannu tana kallonsa, kuma a minti na goma ya ɗago suka haɗa ido. Daɗin da ta ji a lokacin ba ta taɓa ɓoye shi ba.

A minti na sha bakwai ya kashe kayansa da kansa. Wani mai gemu ya sauke ajiyar zuciya ya ce bai taɓa jin shiru mai zurfi haka ba. Baƙuwar ta rufe littafinta, ta sa rigar sanyi, ta ce ɗakin yana da iska mai kyau, ta hau matakala ta fita.

Royce ya zo ya tsaya a kan Danuta.

"Ke ce?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da kika yi? Kin kashe ta!"

"Warkar da ita na yi. Shekara goma sha ɗaya tana roƙon mai a cikin kunnenka, kai kana karɓar yabo. Duk ɗakin nan ba wanda ya ji abin da take faɗa."

Can ya sassauta, kamar ba shi ba. "Tsohon boris ɗin fa? Don Allah, Danuta, ki mayar mini da shi."

"A hannuna ya wargaje," ta ce. Kuma gaskiya ta faɗa.

Royce ya yi wata guda yana zuba wa fankar yashi, yana sassauta mata noti, ta yi ƙara iri-iri amma ba ta ƙara yin wancan kukan ba. Daga baya ya daina zuwa. Danuta tana nan, duk Lahadi a kujerarta ta kusa da bango. In ka tambaye ta za ta gaya maka tana kewar muryar fankar ƙwarai, don babu irinta a garin, kuma ita ce ta raba kanta da ita. In ka ce to ta yi nadama ke nan, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce a rufe ido, za a fara.