Yumɓun da Ke Gindin Rijiyar Baba

Ranar Talata ce, saura kwana tara a ga watan azumi, wajen ƙarfe goma na safe. Mu huɗu ne a bakin rijiyar lambunmu da ke gefen fadama, a bayan garin Kontagora: mahaifina, da ni, da helman, wato shugaban masu haƙa rijiyoyin hukuma, wanda Banufe ne gajere mai yawan raha, sai leburansa guda, dattijo mai ƙarfin damtse, wanda zai shiga ramin. Zamanin Turawa ne. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina aikin tafinta tsakanin Baturen rijiya da ma'aikatansa.

Abin da ya tara mu shi ne ruwan rijiyar yana ta ja da baya, kuma ni ne na matsa a ƙara mata zurfi.

Kakana ne ya haƙa ta. Zurfinta gaba huɗu ne kawai, amma ba a taɓa jin ta ƙafe ba. Da ita Baba yake ban ruwan albasa da tumatir ta hanyar jigo, da ita kuma ya raini bishiyoyin lemo shida da ya dasa da hannunsa. Albasa ko ta lalace, wata shekara a sake. Lemon ne ba ya son a taɓa. Yana da ƙa'ida biyu da ba ya saɓawa. Daga azahar zuwa la'asar ba a jefa guga, sai rijiya ta huta ruwa ya taru. Sannan kowace Jumma'a da safe yakan zura wata igiya mai dutse a bakinta, ya jawo, ya ƙulla inda jiƙa ta tsaya. Shekara da shekaru ƙulle-ƙullen nan a cunkushe suke wuri ɗaya, ba su wuce kamu guda tsakaninsu ba.

Shekara biyu kafin wannan rana, hukuma ta haƙa rijiyar siminti a kara, inda ake cinikin shanu, can ƙasa da lambunmu. Da ni aka yi aikin tun daga saran farko. Rijiya ce mai faɗi, guga huɗu ke shiga lokaci guda, kuma ba ta san hutu ba: daga asuba har almuru ana ja. Labarinta ya bazu, garkunan da a da suke wucewa suka fara yada zango, wasu daga wajen Ibeto, wasu daga Kumbashi. Kafin a shekara ciyawar wurin ta ƙare, kofato ya mayar da ƙasar gari.

A bazarar farko ƙullin Baba ya sauka kamu ɗaya. A ta biyu ya sauka uku. Rijiyoyin maƙwabtanmu ma haka. Na gaya wa Baturen, ya ce rijiyoyin sun yi nisa da juna, ya rubuta wani abu a littafinsa, bayan kwana biyu ya wuce Tungan Magajiya duba wani aikin.

Ban iya zama ba a kwanakin nan. Sai in tashi daga kara in taho lambu, in leƙa rijiyar, in koma, in sake dawowa kafin la'asar, kamar leƙen zai ƙara mata ruwa. Ganyen lemon ya fara naɗewa. Jigo guga goma yake cikawa, na goma sha ɗaya sai laka. Baba ya bar albasar ta bushe don ya ba bishiyoyin abin da ya samu. Ni kuwa hanyar da nake bi kullum ta gaban rijiyar kara take, inda ruwa ke malala daga komin shanu yana kwanciya a ƙasa.

Nan na fara yi masa maganar ƙarin zurfi. Ya ƙi. Ya ce yasa daban, haƙa daban: duk shekara yana yashe lakar da ta taru, amma da zarar dagi ya taɓa farin yumɓun da ke gindi, sai a tsaya. Haka ubansa ya koya masa, haka duk tsofaffin mahaƙan garin suke yi. Ruwanmu, in ji shi, a kan yumɓun nan yake zaune kamar ruwa a kasko. Na ce da idona na ga an huda wannan yumɓun a kara, kuma ruwan da aka tarar a ƙasansa ya fi na sama yawa. Gaskiya na faɗa. Abin da ban tsaya a kansa ba shi ne sai da aka ƙara gaba bakwai cikin busasshen yashi kafin a kai ga ruwan, ana yi ana saukar da zoben siminti don kada ramin ya rufta. Na san wannan sarai, don ni na riƙa fassara umarnin. Amma na sa wa raina cewa mu da muke kusa da fadama ba za mu yi nisa haka ba.

Sati uku muna wannan ja-in-ja. Ranar da bishiyar da ke kusa da danga ta fara zubar da 'ya'yanta ɗanye, Baba ya ce in kira helman.

Asalinmu Katsinawa ne, abokan wasan Nufawa, saboda haka tun daga ƙofar lambu helman ya fara tsiya.

"Bakatsine, ashe kana raye? Aka ce rijiyarka ta zama tukunyar miya."

"Sannu da zuwa, bawana," in ji Baba. "Ku da kuka tashi a cikin kogi, me kuka sani game da neman ruwa?"

Suka yi dariya, amma Baba bai saki igiyar awon da ke hannunsa ba. Helman ya leƙa, ya ce ba shi da zobe ko ɗaya da zai ba mu, kuma ba tare da zobe ba ba zai bar mutuminsa ya wuce zurfin gaba guda a ƙasan yumɓu ba. Na ce gaba guda ya isa. Baba ya dube ni.

"Ka tabbata, malam tafinta?"

"Na tabbata, Baba."

Ya miƙa wa leburan dagin kakana.

Aka kwashe ɗan ruwan da ya rage aka zuba wa lemo. Leburan ya sauka. Kwando ya fara fitowa da baƙar laka, sannan da yumɓu fari mai danƙo, irin wanda mata ke nema don ginin tukunya. Na riƙa zagaya bakin ramin ina tambayar ko ya ga alama. Helman ya ce in zauna, ina sa masa jiri. Yumɓun ya fi yadda na zata kauri. Har aka kira azahar ana fitar da shi.

Muna idar da salla leburan ya yi kira daga ƙasa cewa dagi ya zarce. Kwandon da ya biyo baya yashi ne ja. Na damƙa, ya zube ta tsakanin yatsuna, ko danshi babu.

Baba ne ya fara jin ƙarar. Ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ruwan da ke tsattsafowa daga bangon rijiyar, wanda a da yake taruwa a gindi lokacin hutu, yanzu gangarawa yake yana shigewa hudar, da 'yar ƙara kamar ana tsiyaya daga buta. Leburan ya ƙara kamu biyu, yashi ya fara zubo masa a ƙafa, helman ya ce ya fito.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Baba ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce mu saukar da shi. Shekarunsa sun haura sittin. Na ce ni zan shiga, ya ce ban san yadda ake taka yumɓu ba. Muka riƙa mayar masa da abin da muka fitar, kwando bayan kwando, yana cusawa a hudar yana kirɓawa da diddige. Sai bayan la'asar muka jawo shi, jikinsa fari fat har wuya.

Toshiyar ta riƙe kwana huɗu. Kowace safiya kafin in tafi aiki sai na biya na leƙa, in ga ɗan ruwa ya kwanta, in tafi da sauƙin zuciya, da rana kuma in gudo in sake dubawa. A rana ta biyar na tarar da gindin ya lotsa, ruwan ya tafi. Baba ya sake shiga sau biyu cikin azumi, da ƙishirwa a bakinsa. Yumɓun da aka taɓa fasawa bai sake kamawa ba.

Ranar Jumma'ar ƙarshe ta azumin ya zura igiyarsa kamar yadda ya saba. Dutsen ya fito a bushe. Ya naɗe ta, ƙulle-ƙullen da komai, ya rataye a jikin jigo.

Muka ari jaki muka koma ɗebo ruwa daga rijiyar kara, muna bin layi da makiyaya, tulu huɗu a kowace tafiya. Bai isa bishiya shida ba, sai Baba ya zaɓi biyu. Sauran huɗun sun bushe kafin ruwan sama ya sauka, kuma da kaka muka cike rijiyar da ƙasa, aka dasa rogo a wurin.