Ranar da Motar Yaya Ta Sha Ruwa

Akwai ranar da ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ita ba zan manta ta ba: ranar da motar Yaya ta mutu mana a tsakiyar ruwa a New Bell, unguwarmu a Douala. Shekaru sun wuce, amma wallahi har yau in na fara ba da labarin sai in kasa zama wuri ɗaya.

Bari in faɗa muku tun farko, ni ba makanike ba ne. Ban taɓa zama ƙarƙashin wani oga a garaji ba. Duk abin da na sani game da inji, a waya na koye shi. Ina tsaron shagon atamfar Yaya a kasuwar Mboppi, da zarar ciniki ya lafa sai in maƙale a bayan dilar kaya ina kallon yadda ake kwance inji a ɗaure. Na Faransanci in kalla, na Turanci in kalla, har wanda ban san yarensa ba, ai hannun mutum kawai nake bi. Yayan nan ɗan Baffana ne, a gidansa nake zaune, shi ya riƙe ni tun ina makaranta. Injiniya yake ce min, rabi wasa rabi gaske.

To, sai ya sayi motar. Kai! Ja ce, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, giyar hannu, ga turbo. Ta hannu ce, ta jirgin ruwa ta iso, amma a unguwarmu babu irinta. Kun san turbo kuwa? Wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa da gudun bala'i, ita kuma ta zuƙo iska ta cusa wa injin da ƙarfi. Iska ta yi yawa, wuta ta yi yawa, ƙaramin inji ya ja kamar babba. Ranar da na fahimci wannan, duk wanda ya shigo shago sai da ya sha bayani, har wata tsohuwa da ta zo sayen yadi shida.

Yaya ya ga yadda nake rawar jiki, sai ya miƙa min makulli ɗaya. Wanki nawa, duba baƙin mai nawa, canza filta nawa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: “Injiniya, ka duba, ka goge, amma kar ka kwance min komai.”

Na ce to.

Da rani ya yi tafiyar sati uku Kano sayo kaya. A lokacin ne na ci karo da wani bidiyo. Mutumin ya cire akwatin filtar iska da ke sama kusa da inji, ya sa dogon bututu ya sauko da filtar can ƙasa, bayan bamba, kusa da tayar gaba. Dalilinsa kuwa mai kyau ne: iskar sama ta ɗauki zafin inji, ta ƙasa sanyi gare ta, turbo kuma iska mai sanyi yake so. Na kalla ya fi sau ashirin. Abin da ban kalla ba shi ne bayan mutumin: ƙasa ce busasshiya, duwatsu da rairayi, ko kwata babu a titinsu. Ni kuma ina Douala, garin da sama ba ta gajiya da zubar da ruwa. Yanzu in na tuna sai in riƙe kai, amma a lokacin bututun kawai nake gani.

Na je Camp Yabassi wajen masu kayan mota, na samo filta, na sa mai walda ya lanƙwasa min bututu, yini ɗaya na haɗa. Da na taka ta, na ɗaga ƙafa, sai ta yi “fishhh!” Na kusa kuka don daɗi. Da Yaya ya dawo ya ji ƙarar, ya ce, “Kai, me ka ba ta ta ci?” Na ce, “Filta kawai na wanke, Yaya.” Shi ba mai buɗe murfin inji ba ne. Maganar ta wuce.

Sai damina ta kama.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Za mu Ndogbong gaida Goggonmu da ba ta ji daɗi ba. Tun safe ake ruwa, ya ɗan tsagaita, Yaya ya ce mu yi maza. Shi ke tuƙi, ina gefe. Ba mu fita daga New Bell ba muka iso wani kwari da kwata ta cika ta tumbatso kan titi, ruwa ja, ledoji da robobi suna yawo a kai. Wata tsohuwar tasi ta shiga ta fita. 'Yan bensikin, wato masu babur ɗin haya, suna ɗaga ƙafafu suna wucewa.

Ni kuwa na hango matsalar tun kafin motar ta sha ruwan. Na san inda filtar take. Na san daidai tsayinta daga ƙasa, ni na auna da hannuna, taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Na buɗe baki.

“Yaya, ko mu zagaya?”

“Mu zagaya ina? Wannan gwangwanin ya wuce, mu ne za mu tsaya?”

“To, a hankali dai. A hankali sosai.”

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Kalma shida kacal ake buƙata: filtar tana ƙasa, ni na saukar. Ban faɗe su ba. Sai danna birkin da babu shi a gefena nake ta yi.

Muka shiga. Ruwa ya fara bugun ƙasan mota. Mun kai tsakiya sai wata babbar motar kaya ta taho daga can, ta turo mana igiyar ruwa. Na ji injin ya yi tari sau ɗaya, “guɗ”, ya yi shiru. Kafin in motsa Yaya ya murɗa makulli. “Ƙas.” Injin ko juyawa bai yi ba.

“Batir ya jiƙe,” in ji shi.

Kun san unguwa. Mota ba ta mutuwa ita kaɗai a New Bell. Kafin mu buɗe ƙofa, 'yan bensikin da ke fake a rumfar mai shayi sun nannaɗe wando sun shigo ruwan. Suka turo mu har kan tudu, suna ihu suna dariya. Wannan turin bai dame ni ba, tunda giya a sake take. Amma daga tudun akwai gangara mai kyau, sai ɗaya daga cikinsu, wani ƙato mai hular ulu, ya buga bayan motar ya ce, “On pousse, patron! A tura, maigida! Sa giya biyu, mu tura, ka saki kuloci, yanzu za ta tashi.”

Haka ake yi a wajenmu. Mota ta yi “ƙas”, batir ne, a tura. Sau ɗari na tura motar mutane da hannuna, kuma ta tashi. Amma wannan “ƙas” ɗin na san ba na batir ba ne. Ruwa ne ya cika ɗakin fistan. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Fistan ya taso ya tarar da ruwa, kamar ya tarar da kankare ne. Makulli ba shi da ƙarfin da zai tilasta shi, shi ya sa ya tsaya. Amma nauyin mota a gangara, da ƙarti takwas a baya, a saki kuloci? Sandar fistan za ta lanƙwashe ko ta karye ta huda cikin injin. Shi ke nan, sai dai a nemo wani injin, irinsa kuwa ban taɓa gani a Douala ba.

Na ce, “Kar a tura! Ruwa ne a inji!”

Wani dattijon makanike da garajinsa ke bakin wajen ya fito yana goge hannu. Ya dubi layin ruwan a jikin motar, ya girgiza kai. “Ɗana, ruwan ko rabin taya bai wuce ba. Irin waɗannan ta sama suke shaƙar iska, kusa da murfi. Ta ina zai shiga? Ku tura abinku.”

Gaskiyarsa. Da motar yadda kamfani ya yi ta take, gaskiyarsa ɗari bisa ɗari.

Mai hular ulu ya ce wa Yaya, “Grand frère, ƙanenka ya sha bidiyo da yawa.” Aka tuntsire da dariya. Yaya ya koma ciki, na ji ya sa giya. Hannuwa suka hau bayan motar.

A nan ne shaiɗan ya zauna min a kunne. Wallahi ba zan ɓoye muku ba. Ya ce yi shiru. In injin ya fashe, ruwa ne ya fasa, su ne suka tura, dattijo ne ya ce a tura. Cikin dare ɗaya ka cire bututun ka mayar da akwati, wa zai sani? In kuma ka yi magana, ka karya sharaɗi, ka yi ƙarya wata shida, kuma a gaban duk unguwa za a ji. Na dubi motar, na dubi Yaya ta gilashi, na dubi gangarar.  Taya ta fara juyawa.

Ban san lokacin da na zagaya ba. Na dai gan ni a gaban motar, hannuwana biyu a kan murfin inji, silifas ɗina ɗaya ya tafi da ruwa.

“Kai mahaukaci ne?” Yaya ya taka birki ya leƙo. “Matsa!”

“Yaya, filtar ba ta sama. Tana ƙasa. Ni na saukar da ita, lokacin da ka je Kano.”

 Yaya ya fito a hankali, ya ɗaga murfin. Inda akwatin ya kamata ya kasance, wayam, sai bututuna yana sheƙi ya nufi ƙasa. Dattijon ya durƙusa, ya zura hannu bayan bamba, ya ciro filtar. Ya matsa ta, ruwa ya tsiyaya kamar soson wanka.

“Innalillahi,” in ji shi. “Ku cire hannunku daga motar nan. Kowa ya cire!”

Yaya bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kallona kawai ya yi, ya ce, “Filta ka wanke, ko?”

Muka tura ta a sake zuwa garajin dattijon. Bakina ya ƙi tsayawa: “Baba, a cire buji duka huɗu tukuna, kar a murɗa sai an cire, sannan bututun turbo na ƙasa, nan ruwa ke taruwa, sannan a duba mai...” Ya ce, “Ka san duk wannan, ba ka san Douala ana ruwa ba?” Ya miƙo min sufana. “Kai ka ɓata, kai za ka kwance.”

Na cire bujin, wato abin da ke ba da tartsatsin wuta, ɗaya bayan ɗaya. Biyu a jiƙe sharkaf. Ramukansu a buɗe, ruwan ya sami hanyar fita. Dattijon ya ce Yaya ya murɗa. Jama'a, ruwa ya yi tsalle daga injin har ya taɓa kwanon rumfa, ya wanke wa mai hular ulu fuska, shi da ya fi kowa leƙe. “Mon Dieu!” ya ce, “da mun kashe ta!” Muka kwance bututun ƙasa, ruwa ya kusa cika bokitin alwala. Baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, muka zubar, muka sa sabo, muka sake zubarwa. Ina zirga-zirga, in hau in sauka, in leƙa nan in leƙa can, har dattijon ya ce in tsaya wuri ɗaya ina sa shi jiri.

Dab da magariba aka mayar da komai. Yaya ya murɗa. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Farin hayaƙi ya turnuƙe garajin. Dattijon ya ɗora dogon sukundireba a jikin injin, ya sa kunne a ƙotar, ya daɗe yana saurare.  Can ya ɗago ya ce, “Babu ƙwanƙwasa. Allah ya rufa asiri. Tafiyar hawainiyar da kuka shiga da ita ce ta cece ku.”

'Yan bensikin suka yi ta tafi. Yaya bai yi ba. Ya miƙo min hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe makullinsa yake so. Washegari a gabansa na mayar da akwatin kamfani, yana tsaye ya harɗe hannu. Ya fi wata biyu bai ce min Injiniya ba, makullin kuwa sai da damina ta sake zagayowa ya dawo hannuna. Injin ya tsira a yini ɗaya, yardar Yaya ce ta ɗauki shekara.

Abin da na koya biyu ne. Na farko, dabarar da ta yi wa mutumin bidiyo daidai, a kan titinsa ta yi masa daidai. Yanzu kafin in taɓa motar kowa, sai na tambaye shi wace unguwa yake kwana, kuma ina ruwa ke kai masa da damina. Na biyu ya fi ciwo. Gaskiyar da na faɗa a gaban taron mutane, ƙafa ɗaya ba takalmi, ita ce dai wadda zan iya faɗa a cikin mota, mu biyu, kafin taya ta taɓa ruwa. Da na faɗe ta a can, harara ɗaya zan sha mu juya. Tun daga ranar, duk maganar da na ji ta yi min nauyi a baki, na san ita ce ya kamata ta fara fita.